Saniya Sai Da Damin, Labari Kuwa Ko Oho?

'Yan'uwana makiyaya da fataken dabbobi na Jihar Gadarif da kewaye, tun daga Butana har bakin kogin Rahad, ina da magana da ku a kan wannan 'yar wayar da ke aljihun kowannenmu, kuma maganar ba mai daɗi ba ce.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Gadarif ko ta Shuwak ya san ba a sayen saniya sai da damin, watau mai lamuni. Ko da saniyar ta kai giwa girma, ko da an karya maka farashi har ka ji kunya, ba za ka zare kuɗi ba sai wani sananne ya tsaya ya ce ya san mai ita, ya san rugar da ta fito, kuma in gobe wani ya zo da shaidar cewa tasa ce, to, a wuyansa take. Yaron da ya fara bin ubansa kasuwa jiya ma ya san wannan. To, don Allah jama'a, mu da ba mu karɓar bijimi babu damin, yaya aka yi muke karɓar labarin kisan kai babu damin? Murya ta shigo waya da tsakar dare, ba a san mai ita ba, ba ta faɗi gari ba, ba ta faɗi rana ba, tana kuka tana cewa an gama da mutanenmu, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Kafin asuba ta shiga zauren WhatsApp hamsin. Saniyar sata in ta shiga hannunka, kuɗi ka yi asara. Labarin ƙarya kuwa in ya bi ta hannunka da jini ake biyansa, kuma galibi ba jinin wanda ya tura ba.

Kada wani ya ce na tsani waya. Da ita muke jin farashin rago kafin mu ɗora shi a mota, da ita muke kiran malamin dabbobi in ciwo ya shiga garke, da ita muke jin wane hafiri ke da ruwa wane ya ƙafe. In an kora wa mutum shanu, hoton alamar kunnensu yakan riga ɓarawon isa kasuwa, masu bin sawu su huta da rabin tafiya. Wannan duk alheri ne, kowa ya sani, ba sai na tsaya a kansa ba.

Abin da waya ta ƙwace mana shi ne lokaci. Ku tuna yadda ake yi in dabba ta shiga gona. Yaro ya yi gyangyaɗi, shanu goma suka faɗa cikin dawa ko riɗi, mai gona ya kama su ya kai su turken hukuma ko ya tsare su a gefen gonarsa. Sai a aika wa umda ko shehin ƙauye, shi kuma ya aika wa ardo. Kafin ɗan aike ya je ya dawo, rana ta faɗi. Kashegari ajawid, watau dattawan sulhu, su zo su taka gonar da ƙafarsu, su duba inda aka ci da inda aka tattake, su ƙiyasta ɓarna da buhu, a yi ta ja-in-ja, a sha shayi, a sake ja-in-ja, a tsaya a kan wani abu, a biya, a kora shanu. Mutane suna ganin kamar hikimar dattawa ce kaɗai take kashe wutar. Akwai hikima, amma babban maganin shi ne kwana ɗaya ko biyun nan da ake ɗauka. A cikinsu zuciyar mai gona takan sauka, makiyayi ya nemo kuɗi, samarin ɓangarorin biyu su gaji da zaman jira su koma aikinsu.

Yau fa? Kafin umda ya sa takalminsa, hoton gonar ya kai Hartum, ya kai Jidda, ya kai wurin wani ɗan garin da ke wankin mota a Turai, wanda rabonsa da ganin karan dawa shekara goma. Shi ne zai rubuta a ƙarƙashin hoton cewa har yaushe za a zuba wa baƙin nan ido. A wani zaman sulhu da na halarta a kudancin jihar nan, ɓarnar da dattawa suka ƙiyasta buhu uku ce, mai gona da kansa ya yarda. Amma a waya an riga an ce fadan ɗari aka cinye, har an ƙara da cewa an sari mai gadi, alhali kuwa mai gadin shi ne yake zuba mana shayi. Biyan buhu ukun bai ɗauki sa'a guda ba. Mai da samarin da suka taho a kan babura daga ƙauyuka huɗu shi ne ya cinye mana yini, domin sun fi gaskata abin da suka gani a waya da abin da mai gonar yake gaya musu da bakinsa.

Kuma in irin wannan ƙarya ta tashi, a kan wa take sauka? A kan wanda ke daji. Mutumin gari yana da maƙwabta, yana da ƙofar da zai kulle, yana da ofishin 'yan sanda kusa. Makiyayi yana tsakiyar fili da mata da yara da dukiyarsa duka a tsaye a kan ƙafa huɗu, ana hango shi daga nesa. Yawancinmu ba mu karanta Larabcin da ake rubutawa a kanmu a Facebook, ba mu ma san an rubuta ba sai mun ga ƙura ta taso. Wanda aka yi wa ƙazafi shi ne na ƙarshe da zai ji labarin.

Wanda yake ganin ina ƙara gishiri, ya tuna watan Yulin 2022 a Jihar Nilul Azrak, da ke can kudu da mu. Rigima ce ta ƙasa da sarauta: Hausawan yankin sun nemi a ba su nasu shugabancin gargajiya, wasu daga cikin Hamaj da Barta da Funj suka ce hakan neman mallakar ƙasa ne, ba za su yarda ba. Magana ce da ya kamata a zauna a kanta wata da watanni. Amma tun kafin a zare wuƙa, wayoyi sun cika da kalmomin da kowa ya san inda suke kaiwa: baƙi, 'yan ci-rani, waɗanda ba 'yan ƙasa ba, a mai da su inda suka fito. Ana faɗin haka ga mutanen da kakanninsu suke bakin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, tun lokacin da aka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kashe wani manomi sai wuta ta kama a Rusairis da kewayen Damazin, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka fiye da 100, dubban mutane suka bar gidajensu. A watan Oktoba na shekarar nan aka sake a Wad al-Mahi, mutum fiye da 200 suka tafi.

Yanzu ga wadda ba a so a faɗa. Hotunan gawawwaki da suka fito daga can, na gaske da waɗanda ba a san asalinsu ba, a zaurukanmu suka kwana suna yawo, da muryoyin masu cewa duk wanda ya zauna ba ɗa ba ne. Ranar 18 ga Yuli a Kasala zanga-zangar juyayi ta rikiɗe, aka ƙone ofisoshin gwamnati da shaguna, aka rasa rayuka, hukuma ta hana taro. Mu ma nan Gadarif an fita titi. Ba ina cewa kada mutum ya yi kukan ɗan'uwansa ba, wanda aka kashe masa dangi yana da haƙƙin ya ɗaga murya har sama ta ji. Tambayata ita ce, shagon da aka ƙone a Kasala, wane mamaci ya tayar a Rusairis? Kuma waɗanda suka yi ta zuga daga nesa, wa ya ga ɗayansu a wurin jana'iza? Sun kashe wayarsu sun kwanta. Makiyayin da ke mashekari tsakanin ƙauyukan wata ƙabila shi ne ya kwana da takalmi a ƙafa.

Abin ba a kanmu aka fara ba. A Jihar Filato ta Nijeriya, a watan Yunin 2018, an baza hotuna a Facebook ana cewa ga abin da Fulani suke yi wa Birom a Gashish. An yi kisa a yankin da gaske, amma binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin hotunan da suka fi tada hankali ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Ranar 24 ga watan samari suka tare hanya, suka fizgo mutum 11 daga motoci suka kashe, matafiya waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. A Habasha kuma, nan bayan Gallabat da Matamma, a garin Bahir Dar, an sa hoton wani malamin jami'a, Farfesa Meareg Amare, a Facebook tare da unguwar da yake zaune, ana jifansa da ƙazafi saboda shi ɗan Tigray ne. Ranar 3 ga Nuwamban 2021 aka harbe shi a ƙofar gidansa. Ɗansa ya kai kamfanin ƙara a kotun Kenya a 2022. In farfesa mai ofis da takardu bai tsira ba, ina ga mai sanda da goran nono?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun Da'ama, abin ya ƙara muni, domin an sami sabuwar kalma wadda ta fi "baƙo" kaifi, watau "mai haɗa baki". Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, a Oktoban 2024 kuma 'yan Da'ama suka afka wa ƙauyukan gabashin Jazira har da Tambul mai babbar kasuwar dabbobi, suna kisa suna kwasar dukiya, wasunsu ma suna ɗaukar kansu a waya suna alfahari. Jama'a suka kwararo Gadarif da abin da suka iya ɗauka, kowa a tsorace, kuma tsoron yana da dalili. Amma mai tsoro kowace inuwa dodo ce a wurinsa. Sai ka ga an ɗauki hoton wasu mutane da rawani suna kora shanu a bayan gari, an rubuta cewa ga 'yan leƙen asiri sun iso, a yi hattara da baƙin fuska. To, wace fuska ce ta fi ta makiyayi baƙunta a gari? Sana'arsa ke nan, yau yana nan gobe yana can. Sa'ad da soja suka yunƙuro don karɓe Wad Madani a Janairun 2025, an ga abin da wannan kalma take haifarwa a matsugunan leburorin gona na Jazira. A Kambo Tayba, ranar 10 ga watan, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26 da aka kashe, aka kora dabbobinsu. Ba alƙalin da ya zauna a kansu. Zargi ne ya riga su isa, ya yanke hukunci.

Sai kuma mu zo kan masu cewa ai maganin abin mai sauƙi ne, a yanke intanet kowa ya huta. Wannan magana ta wanda bai taɓa sayar da ko akuya ba ce. An yanke ta a Yunin 2019 fiye da wata guda, kuma bayan an yi kisa a Hartum aka yanke, kowa ya san abin da ake son a rufe. An yanke ta bayan juyin mulkin Oktoban 2021 fiye da mako uku. A Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke gaba ɗaya. Shin jita-jita ta mutu a kwanakin nan? Ƙiba ta yi. Da waya kana iya kiran ɗan'uwanka a Hawata ka tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa. In babu layi, duk abin da direban babbar mota ya faɗa a tasha shi ne labari. Abin da ya mutu shi ne kasuwa. Fatake sun sani, tun da takardar kuɗi ta yi wuya, musamman bayan canjin 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu a Disamban 2024, yawancin ciniki ta Bankak ake yin sa. Layi ya ɗauke, mai saye yana tsaye, mai sayarwa yana tsaye, saniya tana tsaye tana ramewa, kuɗin ruwa da na dusa suna hawa. A Yulin 2025 kuma hukumar sadarwa ta hana kiran murya da na hoto a WhatsApp da sunan tsaro. Mai zuga bai rasa komai ba, domin shi ba kira yake yi ba, saƙo yake naɗa ya saki. Tsohuwar da ke son jin muryar ɗanta a Saudiyya ita aka hukunta.

Kuma ina so manyanmu na ofis su daina fakewa da waya. Waya ba ta nome burtali ba. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, a 1968 aka kafa hukumar noman inji, a 1970 aka yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, watau duk makiyayar da kakanninmu suka sani, domin wa ya taɓa yi wa daji rajista? A daidai wannan lokaci gwamnatin Numeiri ta rushe mulkin gargajiya, ta karya ƙafar nazir da umda waɗanda suke tsare hanyoyin. Daga nan mashari'i suka yi ta cin daji, masu izini da marasa izini, har burtalin da a da garke uku suke wucewa kafaɗa da kafaɗa ya koma wani wurin kamar hanyar keke, dawa dama dawa hagu. Mashaya ta koma tsakiyar gonar wani. A 2011 Kudu ta ɓalle, waɗanda suke kai rani can suka dawo suka ƙaru a kanmu. Gabas kuma ga Fashaga da 'yan shifta. Ka matse dubban shanu a cikin wannan ƙunci, sa'an nan ka yi mamakin an yi ɓarna? Itacen ya daɗe a tare, ya bushe ƙayau, waya ashana ce kawai. Amma fa ashanar da ke hannun kowane yaro, shi ya sa ba zan raina ta ba.

Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2018, an ƙara mata tsanani a 2020. Muna jin an kama wane don ya zagi babba. Yaushe za mu ji an kama wanda ya sa hoton ruga ya ce ga maɓoyar maƙiya? Irin waɗannan ba aljanu ba ne, da yawansu da sunansu da hotonsu suke rubutawa, har suna alfahari da yawan masu bin su. Kamfanonin kuma kada kowa ya sa rai da su. Bayan kashe-kashen da jita-jita ta jawo a Indiya, WhatsApp ya rage yawan turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya game duniya da wannan a 2019. Biyar sau biyar sau biyar nawa ke nan? Kuma saƙon WhatsApp a kulle yake, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki, balle a ce wani a Amurka zai zauna ya saurari Fillanci ko Hausar Gadarif ya gane cewa "a share gona" ba maganar noma ba ce. Shingen nan in ba mu muka kafa shi ba, babu mai kafa mana.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma da shugabannin zauruka nake, domin duk wanda ya buɗe zaure ya tara mutum ɗari biyu ya zama mai unguwa, ko ya so ko ya ƙi. Saƙon da ya zo da labarin kisa ko hari ko kora dabba, in bai faɗi sunan mai magana da garin da ranar ba, a goge shi nan take, kada a tsaya jin kunyar wanda ya turo, ko da kawunka ne. In ya faɗa, a riƙe shi tukuna a kira mutumin da aka sani a wannan yanki. Kowace ƙaramar hukuma, daga Fao zuwa Basunda, ya kamata a ce muna da mutum biyu da aka yarda da su, ɗaya makiyayi ɗaya manomi, waɗanda za su zama damin na labari kamar yadda muke da damin na saniya. In sun ce gaskiya ne, a sanar da umda da 'yan sanda kafin a sanar da samari. Hoton gawa kuwa kada a tura shi ko da na gaske ne, a kai shi inda za a yi shari'a da shi. Kalmar nan ta "tura wa kowa kada ya tsaya a wurinka" ita ce alamar kunnen ɓarawo, duk saƙon da ya zo da ita a san daga inda ya fito. Wanda aka kama sau biyu yana kawo ƙarya a fitar da shi daga zaure, a kuma faɗi dalili a fili, kamar yadda dillalin da ya shigo da dabbar sata ba ya sake tsayawa a kasuwa.

'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje kuma, mun gode da abin da kuke aikowa, da shi gidaje da yawa suke cin abinci tun da aka fara yaƙin nan. Amma ku aiko kuɗin, ku riƙe zugar. Ku ba za ku kwana a mashekari ba.

Lokacin da aka fi jin tsoro kowa ya san shi: ƙarshen damina, sa'ad da ruwan Butana ya janye, shanu suka juyo kudu alhali dawa tana tsaye ba a yanke ba. Kafin wannan lokaci muna neman gwamnatin jiha da ma'aikatar dabbobi su fita tare da wakilan manoma da namu a bi burtalolin da ke cikin takardunsu ɗaya bayan ɗaya, a kafa turakun siminti, a buɗe inda aka toshe, a kuma sanar da ranar sakin gonaki a rediyo da Larabci da Hausa da Fillanci. Mu kuma a namu ɓangare, duk mai zauren da ke da makiyaya ko fatake a ciki ya kawo sunansa da na yankinsa ofishin ƙungiya kafin ruwa ya ɗauke, domin a haɗa shi da damin na wurinsu. Wanda ba ya iya zuwa ya ba ardonsa saƙo ranar kasuwa.